Jagoran Zaɓi a Asibiti: Muhimmancin Harshe ga Shawarar Majinyaci a Ƙasar Awe

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, idan likita ya nemi ra'ayin majinyaci, amsar da ya fi samu ita ce, "Yadda ka gani." Wannan ladabi ne. Sai dai akwai larurorin da ke da hanyoyin magani fiye da ɗaya, kowace da amfaninta da illarta, kuma fifikon wata a kan wata ya danganta ne da halin mai jikin. Domin irin wannan yanayi masana suka ƙirƙiro abin da wannan muƙala ta kira jagoran zaɓi. Manufar muƙalar ita ce bayyana yadda yake aiki, da nuna cewa amfaninsa ya rataya a wuyan harshen da aka gabatar da shi. An ɗauki ƙasar Awe ta Jihar Nasarawa a matsayin abin misali.

2.0 Ma'ana da Asali

Jagoran zaɓi kan zo a sigar ɗan littafi ko kati ko allon hotuna ko faifan murya. Aikinsa uku ne: ya jera hanyoyin da ke akwai, har da barin magani, ya faɗi yawan waɗanda kowace hanya ke amfana ko cutarwa, sa'annan ya taimaki majinyaci gane abin da ya fi damunsa. Ba ya yanke hukunci, ba ya kuma maye gurbin likita.

Annette O'Connor da abokan aikinta a Ottawa ta ƙasar Kanada na cikin waɗanda suka aza harsashin fannin a shekarun 1990. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2024 ta tattara bincike 209, inda ta gano cewa masu amfani da jagoran sun fi fahimtar hanyoyin magani, kuma sun fi sa baki a shawara. Amma mafi yawan binciken an yi shi ne a ƙasashe masu arziki.

3.0 Misali Daga Tazarar Haihuwa

A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani allon shawara kan tazarar haihuwa: fuska ɗaya mai hotuna tana kallon mace, ɗayar mai bayani tana kallon ma'aikaciya. A ɗauka wata mata ce daga ƙauyen Awe take son hutawa. Cikin mata 100 masu shan ƙwaya, kimanin 7 kan yi ciki a shekara, galibi saboda mantuwa; masu allurar wata uku, kimanin 4; masu ashanar damtse kuwa ba su kai 1 ba, kuma tana yin shekara 3 zuwa 5.

Da ƙididdiga kaɗai ake bi, da magana ta ƙare. Amma allura da ashana kan rikita jinin al'ada, abin da ke shafar salla da azumi. Allura na buƙatar komawa asibiti sau huɗu a shekara, har da lokacin damina da hanya ke ɓaci, kuma takan jinkirta samun ciki bayan an daina. Ashana kuma ba ta ciruwa sai a hannun ƙwararre. Wanne ya fi sauƙin ɗauka? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4.0 Matsalar Harshe

Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta a bayyana wa majinyaci hanyoyin magani cikin harshen da yake fahimta, tare da la'akari da zurfin karatunsa. A Awe, Hausa ce ke haɗa Bahaushe da Bajukune da Alago da Tibi da Bafulatani, don haka Hausar jagoran dole ta zama ta kasuwa da gida.

Na farko, kalmar "haɗari" kan kai hankalin mai sauraro ga mummunan tsautsayi, alhali abin da ake nufi shi ne yiwuwar aukuwar abu. Na biyu, "kashi 7 cikin ɗari" lissafin makaranta ne. "Mata 7 cikin mata 100" ya fi shiga kunne, musamman idan aka ware ƙwayoyin masara 7 daga cikin 100 a faifai. Na uku, kunya kan hana mace tambaya, kuma shawara a gidan Bahaushe ba ta mutum ɗaya ba ce. Katin hotuna ko faifan murya da za ta tafi da shi gida zai ba maigida damar jin bayanin kamar yadda ta ji shi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa jagoran zaɓi yana haɗa ilimin likita da sanin da majinyaci ya yi wa rayuwarsa. Fassara shi kalma da kalma ba za ta wadatar ba. Wajibi ne masana harshe da ma'aikatan lafiya su zauna tare su tsara shi, su gwada shi a kan masu jinya, kafin a raba shi a asibitoci.