Daskarewar Jini Bayan Tiyatar Ƙofar Zuciya

A yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, galibin lalacewar ƙofofin zuciya yana farawa ne daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba, wanda daga baya yake cinye ƙofar, wato marfin da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya. Idan aka sauya ta da ta ƙarfe, a gida Najeriya, ko Indiya, ko Cibiyar Salam ta Hartum da aka buɗe a 2007, dangi sukan ɗauka an gama, alhali jini yana iya daskarewa a jikin ƙarfen ya zama guda, ya toshe ƙofar, ko ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Shi ya sa ake ɗora mai ƙofar ƙarfe a kan warfarin, maganin tsinka jini, har iyakar rayuwarsa. Wahalar maganin ita ce ƙarancinsa yana barin jini ya daskare, yawansa kuma yana jawo haɓo, zubar jinin dasashi da baƙin bayan gida, kuma ba a gane inda aka tsaya sai da gwajin INR, wanda ke auna jinkirin daskarewar jini, inda akan nemi 2.5 zuwa 3.5 ga ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya. A nan ne mutumin karkara ya fi cutuwa, domin kuɗin mota da rashin tsaron hanya kan sa a ɗage gwajin wata da watanni, tun da majiyyacin yana jin garau.

Zogale, alayyahu da rama suna ɗauke da sinadarin bitamin K mai rage ƙarfin maganin. Ba a hana cin su ba, sai dai kada a ci da yawa yau a daina gobe. Flagyl da Septrin da ake saya a kemis suna ƙara masa ƙarfi, ibuprofen da diclofenac kuma suna ƙara haɗarin zubar jini, haka jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba. Mace mai son haihuwa ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, saboda warfarin yana iya nakasa ɗan tayi a makonnin farko.

Sabon haki, kasa kwanciya sai a jingine, dusashewar ƙarar ƙofar da majiyyaci ya saba ji, ko karkacewar baki, duk suna bukatar a garzaya asibitin koyarwa na Katsina, Shika ko Kano a ranar, ba tare da jiran ranar ganin likita ba.