Lissafi Da Marafan Kwalba

Kwanan baya wata uwa ta tare ni a bakin makaranta, ta ce, "Malama, wai ke kika sa 'yata tsintar marafan kwalba?" Na ce ni ce, lissafi muke yi da su. To, ga bayanin.

'Yan aji biyu nake koyarwa. Yaro ɗan shekara bakwai, in kin rubuta masa 9 da 14 a allo zai karanta, amma idonsa bai ga ratar da ke tsakaninsu ba. Don haka sai in yi tambaya guda: da me kowa ya karya kumallo yau? Koko, ɗumame, ko shayi? Kowa ya ɗauki marfi ɗaya ya ajiye a layin abincinsa. Sharaɗi biyu ne. Layukan su tashi daga wuri ɗaya, tazarar marafan kuma ta zama daidai. In ba haka ba, sai layi mai shida ya fi mai takwas tsawo, zane ya yi ƙarya. Bayan nan su kwafa a littafi, kowane marfi gida ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu da ba su shiga aji ba suna jan layi da gawayi a bango don kada bashin nono ya ɓace musu. Abin da na ƙara kawai shi ne, layi na biyar a gitta shi kan huɗun, a riƙa ƙirgawa biyar-biyar.

Ku 'yan mata, kada ku raina wannan aiki. Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya ta Ingila, da zane ta nuna wa hukuma a 1858 cewa a yaƙin Kirimiya cuta ta fi rauni kashe sojoji.

Mu ma namu zanen ya tona wani asiri. Mako huɗu yara suna ajiye marfi kowace safiya, layin maza daban, na mata daban. Wata yarinya ce ta fara lura, ta ce, "Malama, ran Laraba layinmu gajere ne." Laraba ce ranar kasuwarmu, an ɗora musu talla. Ni da nake kiran suna kullum ban taɓa haɗa lissafin ba, kunya ta kama ni. Na nuna wa iyaye mata takardar. Wasu sun yi shiru, biyu sun ce tallar za ta jira a tashi makaranta.

Uwargida, in kina da kaji, ki ba 'yarki wake ta jera ƙwayar wake ɗaya ga kowane ƙwai, kowace rana da layinta, har kwana bakwai. Sannan ki tambaye ta wace rana ta fi, kuma da nawa. Kada ki faɗa mata amsa, ko da ta daɗe tana kallo.