Ɗaurarre da Tsararre: Misali Daga Barikin Giwa, Maiduguri

Sau da yawa akan cuɗa waɗannan kalmomi biyu, alhali ma'anarsu ta bambanta. Ɗaurarre shi ne wanda alƙali ya yanke wa hukunci. Tsararre kuwa yana hannun hukuma ba tare da hukunci ba, kuma Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. A Barikin Giwa, inda sojoji suka tsare waɗanda ake zargi da shiga Boko Haram, rahoton Amnesty International ya nuna aƙalla mutum 149 sun rasu a farkon 2016, har da ƙananan yara. Saboda haka, kiran su "ɗaurarru" ɗora musu laifi ne wanda kotu ba ta tabbatar ba.