Taku Ɗaya Tsakanin Dakali da Tarago: Yadda Ƙasashe Ke Kashe Kuɗi Don Naƙasassu Su Shiga Jirgin Ƙasa

A cikin dukan tafiyar da fasinja zai yi a jirgin ƙasa, ko da ta kai kilomita dubu, akwai wani taku guda wanda bai fi kamu ɗaya ba, wanda shi ne ke raba mai iya tafiya da wanda dole ya haƙura ya zauna gida. Wannan shi ne takun da ake yi daga dakalin tasha zuwa cikin tarago. Mai lafiyar ƙafa ba ya ko lura da shi. Amma ga gurgu mai keke, da makaho, da tsohon da gwiwa ta gaza, wannan gibi kan zama katanga. Yau shekaru fiye da talatin ke nan hukumomin reluwe na ƙasashen da suka ci gaba suna zuba maƙudan kuɗi don toshe shi, har yanzu kuwa ba su gama ba. Tun da Nijeriya na cikin shimfiɗa sababbin layukan dogo, ya kamata 'yan kasuwa da 'yan kwangila su san inda gizo ke saƙar.

Masana sufuri sun kasa matsalar gida biyu. Akwai hanyar da ta tashi daga bakin titi zuwa dakali, wadda ake gyara ta da lif da gangare da faffaɗar ƙofa. Akwai kuma ta dakali zuwa tarago. Ta farkon kuɗi kawai take ci. Ta biyun ita ce mai wuya, domin ta shafi jirgin da dakalin da layin dogon gaba ɗaya, kuma sau da yawa ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Ƙa'idar da Birtaniya da Tarayyar Turai suke bi ita ce, ba za a ce mai keke zai iya shiga da kansa ba sai in faɗin gibin bai wuce milimita 75 ba, bambancin tsayi kuma bai wuce milimita 50 ba. Ke nan faɗin da bai kai tafin hannu ba. Da zarar an haura haka, ƙananan ƙafafun gaba na keken sai su faɗa ramin su maƙale.

Mai karatu zai ce, to me zai hana a ɗaga dakalin ya yi daidai da daɓen tarago a huta? Amsar tana cikin tarihin Birtaniya, ƙasar da ta fara harkar reluwe. Kamfanoni barkatai ne suka gina tashoshinta a ƙarni na 19, kowa da awonsa. Daga baya aka tsayar da milimita 915 daga saman ƙarfen dogo a matsayin tsayin dakali, amma ɗimbin tsofaffin tashoshi ba su kai haka ba. Shi kuwa daɓen yawancin taragun ƙasar yana wajen milimita 1,100, domin a ƙarƙashinsa ne ake rataye injuna da batura da birki. Saboda haka ko a tashar da ta cika ƙa'ida, akwai matakala ta kusan milimita 185. A nahiyar Turai kuma awo biyu aka amince da su, milimita 550 da 760, kowace ƙasa ta zaɓi wanda ya yi mata.

In aka ce a ɗaga dakalin zuwa 1,100 a kuma matso da shi kusa da dogo, sai a ci karo da jiragen kaya. Taragun kaya suna da ƙarafa da ƙofofin da suka fito ta ƙasa, waɗanda ke wucewa lami lafiya ta saman gajeren dakali amma za su goge dogo. Haka kuma jirgin da zai wuce tasha a guje yana rangaji, dole a bar masa fili. Sai kuma batun kwana. Tarago miƙaƙƙen abu ne, tsawonsa ya kai mita 20 ko fiye, in aka tsayar da shi a dakali mai lanƙwasa tilas wani sashensa ya yi nisa da gefen. Wannan ne asalin sanarwar nan da ake yi wa fasinjojin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan tun ƙarshen shekarun 1960, cewa su yi hattara da gibi. Ko a miƙaƙƙen dakali ma awon ba ya zama wuri ɗaya: tarago kan dusa in ya cika da mutane, ƙafafunsa na ƙarfe suna cinyewa da amfani, dogon kuma yakan ɗan tashi duk lokacin da aka ƙara masa tsakuwa.

Birtaniya ta kafa dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 1995, ta fitar da ƙa'idojin ƙera taragu a 1998, ta kuma ba kamfanoni wa'adi zuwa 1 ga Janairu na 2020 su gyara dukan jiragensu. A 2006 gwamnati ta ƙaddamar da shirin saka lif da gadoji a tashoshi. To amma duk wannan bai taɓa gibin kansa ba. Abin da aka dogara da shi shi ne wani allon ƙarfe da ma'aikaci ke ɗaukowa ya gitta tsakanin dakali da ƙofa. A da sai naƙasasshe ya sanar kwana guda kafin tafiya, a 2022 aka rage zuwa awa biyu. Dabarar tana da araha, sai dai ta rataya ne a wuyan mutum, mutum kuwa yakan manta ko ya tashi aiki. A watan Agusta na 2024, Tanni Grey-Thompson, wadda ta ci lambobin zinariya 11 a wasannin Olamfik na naƙasassu, kuma 'yar Majalisar Dattawan ƙasar, ta iso tashar King's Cross da dare ba ta sami mai sa mata allon ba, sai da ta sauko da rarrafe. Kamfanin jirgin ya ba ta haƙuri. In haka ta sami mai kujera a majalisa, ba sai an tambayi halin da talaka ke ciki ba.

Sabon layin Elizabeth na Landan, wanda aka buɗe ran 24 ga Mayu na 2022, ya nuna iyakar abin da kuɗi ke iya yi. Dukan tashoshinsa 41 ana isa dakalinsu daga titi ba tare da matakala ba. A tsakiyar birni, inda aka haƙa sabon rami kuma babu jirgin da ke bi sai nasa, an gina dakali mai tsayin milimita 1,100, mai keke yana gangarawa ciki kai tsaye. Amma da jirgin ya fita bayan gari ya hau tsofaffin layukan da yake tarayya da wasu jirage, sai a koma ga allon ƙarfe. Mutum zai iya shiga da kansa a wata tasha, ya kasa fita da kansa a wata. Shi kuwa tsohon jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1863, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshinsa 272 ake shiga ba matakala.

Akwai dabaru biyu da suka fi jan hankalin masu lissafin kuɗi. Ta farko an fara ta ne a 2008 a wata ƙaramar tasha mai suna Harrington a arewa maso yammacin Ingila. Maimakon a rushe dakalin duka, sai aka ɗora wani tudu mai gangare daidai inda ƙofa ɗaya ke tsayawa. An kashe kimanin fam 25,000, alhali sake ginin dakalin zai ci wajen ninki goma na haka. Ta biyun, wadda a ganinmu ta fi, ita ce a sauko da jirgin maimakon a ɗaga tasha. Kamfanin Stadler na Suwizalan ya ƙera wa gabashin Ingila jirage masu gajeren daɓe da suka fara aiki a 2019, ya kuma yi wa yankin Liverpool irinsu a 2023. Kowace ƙofa tana da wani faranti da ke zamowa waje ya toshe gibin kafin ta buɗe. Sai dai fa sai da hukumar Liverpool ta bi tashoshinta tana daidaita dakali da dogo kafin jiragen su iso. Jirgi shi kaɗai ba ya isa.

Abin da ke sa gyaran ya ɗauki lokaci shi ne tsawon ran kayan. Tarago yakan yi shekara 30 zuwa 40 yana aiki, dakali kuwa yakan haura ɗari. Duk hukumar da ta sayi jirgin da bai dace ba, ta ɗaure fasinjojinta har tsara guda. Suwizalan, duk da arzikinta, ta ba kanta shekara 20 daga 2004, wa'adin ya cika a ƙarshen 2023 da sauran tashoshi ba a gyara ba. A Amurka an kafa dokar naƙasassu a 1990, amma sai a 2022, bayan ƙararraki a kotu, hukumar sufurin birnin Niyok ta yi alkawarin gyara kashi 95 cikin ɗari na tashoshin jirginta na ƙarƙashin ƙasa, ta kuma sa wa kanta shekarar 2055.

Kuskure ne a ɗauki wannan aiki a matsayin sadaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, watau kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna fama da wata naƙasa mai tsanani. Waɗannan masu sayen tikiti ne, da yawansu kuma ba su tafiya su kaɗai. Ban da su, akwai mace mai juna biyu, da mai goyo, da ɗan kasuwa mai jan akwatin kaya. Ga kamfanin jirgin kuwa ribar tana cikin daƙiƙoƙi. Inda babu matakala, mutane suna shiga da fita da sauri, tsayuwar jirgi a tasha ta ragu, jirage da yawa su bi layi ɗaya cikin awa guda. Ana kuma samun raguwar masu zamewa su faɗa gibin, da diyyar da ke biyo baya.

A nan gida, tsohon layin da ya isa Kano a 1911 mai faɗin milimita 1,067 ne, kuma an gina shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga, ba domin jin daɗin fasinja ba. Amma sababbin layukan masu faɗin milimita 1,435 sun zo ne a zamanin da duniya ta riga ta san wannan darasi: na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021, sai jiragen cikin birnin Legas, shuɗin layi a 2023 da jan layi a 2024. Ta fuskar doka ma an yi tanadi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta tanadi tarar Naira 1,000,000 ga kamfani, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Dokar ta ba gine-ginen jama'a da tashoshin sufuri, har da na reluwe, shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024.

Doka tana iya cewa a sauƙaƙa shiga, amma injiniya lamba yake buƙata. Abin da tarihin Birtaniya ya nuna shi ne, inda ba a tsayar da awo ɗaya tun farko ba, kowane ɗan kwangila da nasa zai zo. Haɗarin haka ya ƙaru tun daga 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon gina reluwe nasu. Ana kuma sayo jirage daga wurare daban-daban: taragun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya na sababbin layuka daga Sin suka zo, gwamnatin Legas kuwa ta sayi jiragen Talgo biyu daga Amurka a 2022. Jan layin Legas yana bin hanya ɗaya da jiragen Ibadan, ke nan irin tarayyar da ta hana layin Elizabeth daidaita dakalinsa a bayan gari tana nan ma a gabanmu.

Akwai kuma wani abu da ƙa'idojin Turai ba su yi la'akari da shi ba. Keken da suke auna ƙofa da lif da shi mai faɗin milimita 700 ne da tsawon 1,200. A arewacin Nijeriya kuwa, inda cutar shan-inna ta bar dubban mutane da naƙasa kafin a tabbatar da kawar da ita a 2020, da yawa suna amfani ne da keke mai ƙafa uku wanda ake murzawa da hannu, ƙirar masu walda na gida, wanda ya fi wancan tsawo kuma yana buƙatar fili kafin ya juya. Wasu ma ba su da keken, da hannu suke tafiya a ƙasa. Lif ɗin da aka kwafo awonsa daga littafin Turai zai iya ƙin ɗaukar mutumin da aka saka shi dominsa. Ga kuma matsalar wuta: lif ba ya aiki in an ɗauke lantarki, gangaren siminti kuwa babu ruwansa da janareta, sai dai yana cin fili mai yawa in dakalin yana sama.

Layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, da na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuli na 2021, dukansu an tsara su ne domin ɗaukar kaya da fasinja a kan dogo ɗaya. Ke nan tambayar da ta dami Ingila za ta taso a Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mafita ɗaya ita ce a ware wa jiragen kaya nasu dogon da zai kewaye dakalin fasinja, wata kuma a sayi taragu masu gajeren daɓe da farantin toshe gibi. Kowace aka zaɓa, a takardar kwangila ake rubuta ta, da tsayin dakali da na daɓen tarago a milimita, kafin a zuba kankare.