Yadda Makoyi Ke Sa Tsirkiya Ta Yi Zaƙi

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, in kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, an sayar da auduga, sai samari su sami sukuni. Da dare, in akwai farin wata, akan ji kiɗa a dandali. Kiɗan da garin Funtuwa ya fi shahara da shi kalangu ne, gama a nan Alhaji Mamman Shata ya zauna shekaru masu yawa, kafin rasuwarsa a 1999. Amma akwai masu kiɗan tsirkiya, watau gurmi da garaya da molo. A cikin gari kuma har akan ga mai jita, wadda ta zo daga ƙasashen Turai.

Gurmi tsirkiya biyu gare shi, molo uku, jita kuwa shida. Duk da haka dabararsu ɗaya ce. Tsirkiya mai kauri da tsawo murya babba take bayarwa, siririya kuwa ƙaramar murya. In makaɗi ya danne tsirkiya da yatsa, ya gajarta ta ke nan, sai muryarta ta hau. In ya danne ta daidai tsakiya, sai ta ba da muryarta ta fari, amma can sama, kamar yaro da ubansa suna rera waƙa ɗaya.

Abin da mai koyon jita ke fara koya shi ne haɗin murya. Zai danne tsirkiya biyu ko uku da yatsun hagu, ya share tsirkiyoyin da hannun dama gaba ɗaya, muryoyinsu su tashi tare, su dace da juna. Ran da ya fara iyawa sai murna. Amma in ya yi ta sharewa haka nan, ba canji, kiɗan ya zama kamar dakan mutum ɗaya a turmi. Masu sauraro su fara hamma, su watse. A nan ne yara da yawa kan jingine jita, suna cewa ba su da baiwa. Alhali kuwa ba baiwa suka rasa ba, hannun damansu ne bai koyi aikinsa ba.

Ga yadda gwanaye ke yi. Hannun hagu yana nan inda yake, ba ya motsi. Hannun dama ne za a raba wa aiki. Babban yatsa ya ɗauki tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu uku su ɗauki sirara. Babban yatsa ya fara, manuni ya amsa, na tsakiya ya biyo, ɗaya bayan ɗaya. Muryoyin da dā ke tashi a dunƙule yanzu sai su fito a jere, kunne ya ji kowace. In hannu ya saba, babban yatsa ya riƙa sauyawa tsakanin tsirkiya biyu masu kauri, nan da can, kamar mata biyu masu lugude. Wannan shi ya fi wuya, gama babban yatsa yakan so ya tsaya duk sa'ad da 'yan'uwansa suka motsa. Maganinsa a yi a hankali ƙwarai, ana buga ƙafa a ƙasa, kada a yi sauri sai an daina tuntuɓe.

Bayan wannan akwai 'yan dabaru na ado. Makaɗi yakan ɗaga yatsa ɗaya na hagu, ya kaɗa tsirkiya, sa'an nan ya sāke dira yatsan da ƙarfi tun muryar ba ta mutu ba, sai a ji murya biyu daga kaɗawa ɗaya. Yakan ɗora gefen tafinsa a kan tsirkiya, ƙara ta dushe. Wani lokaci kuma ya yi shiru na ƙiftawar ido, mai sauraro ya ƙagu ya ji abin da zai biyo.

Ba yawan tsirkiya ke kawo zaƙi ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya tak gare shi, amma da shi ya kewaya ƙasashe yana waƙa. Ali Farka Ture, mutumin Mali, da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara yana yaro. Da ya sami jita, sai ya kaɗa ta da irin hannun da ya saba da shi a gida, har mutanen Amurka da Turai suka riƙa mamakin kiɗansa.

A makon farko kan yatsun hagu zai yi zafi. Bayan 'yan makonni sai su yi kanta, zafin ya tafi.