Hutun damina: zumunta a ƙafa take, amma rumbu ya yi ƙasa

Da zarar an rufe lakwal, a ƙarshen watan Yuni ko farkon Yuli, tashoshin motocin Yamai kan cika tun kafin kiran assalatu. Ga mata da goyo, ga yara da barci a ido, ga buhunan shinkafa da akwatuna ɗaure da igiya. Mafi yawan waɗannan matafiya ba fatauci ya fito da su ba, ba kuma aikin gwamnati ba. Gida za su: Dogondutsi, Ƙwanni, Tawa, Maraɗi, Damagaram, da ƙauyukan da ke bayan waɗannan garuruwa. Ma'aikaci ya karɓi hutunsa, ɗan kasuwa ya bar shago hannun yaronsa, kowa na son ya kai ƴaƴansa su ga kakanni, shi kuma ya gaisa da abokan ƙuruciya. Sai dai wannan hutu da birni ke jira da ɗoki yana faɗawa ne daidai lokacin da rumbunan ƙauye suka yi ƙasa. Wanda duk ya manta da haka lokacin ɗaure kaya, yana iya zama nauyi ga waɗanda ya je faranta wa rai.

Hanya doguwa, garuruwa sanannu

Babbar hanya lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta nufi gabas, ita ce ke ɗaukar mafi yawan wannan jama'a. Manyan motocin kamfanoni kan tashi da wajen ƙarfe huɗu ko biyar na asuba, domin a ci tafiya kafin rana ta yi zafi. Bayan kilomita kusan 60 sai Kure, inda raƙuman dawa kan hauro tudu da damina, har mai sa'a ya hango su daga cikin mota. Daga nan Birnin Gaure, sai Doso a kilomita kusan 140, sai Dogondutsi da dutsenta mai shimfiɗaɗɗen kai. Birnin Ƙwanni na da nisan kilomita kusan 420 daga Yamai. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, hanya ta rabu biyu: mutanen Adar su karkata arewa zuwa Tawa, saura su miƙe gabas, su wuce Malbaza mai masana'antar siminti, da Galmi mai albasa, da Madawa mai tabarmi, da Gidan Rumji, da Tsibirin Gobir, har Maraɗi a kilomita kusan 660. Mai zuwa Damagaram kuwa da sauran aiki gabansa: Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, kafin ya cika kilomita kusan 900. Wanda ya baro Yamai da asuba, da wuya ya ga duwatsun Damagaram kafin duhu ya shiga.

Kowane zango da abinsa. Akwai shingen jandarma inda ake duba takardu, akwai wurin tsayawa salla, akwai ƴan talla da ke rufe tagogin mota da ƙwan zabi, dafaffiyar gyaɗa, gasasshiyar masara da kilishi. Wannan kilishi da albasar Galmi sun sami rajistar shaidar asali a shekarar 2021, amma matafiya sun daɗe da sanin darajarsu tun kafin takarda ta tabbatar. Ga yaron da aka haifa a Yamai, wannan yini guda a mota darasi ne da allon lakwal bai ba shi ba: da idonsa yake ganin inda Zabarma ta ƙare Arewa ta soma, inda Adar ta miƙa wa Gobir hannu, da yadda gero ke canza tsawo daga wannan gari zuwa wancan gwargwadon ruwan da kowa ya samu.

Tafiyar ba ta ƙarewa a bakin kwalta. Yawanci sai an sauka an nemi ƙaramar mota mai jiran ranar kasuwa, ko kabu-kabu, ko amalanken shanu, domin a ƙarasa ƙauye cikin rairayi da taɓo.

Baƙi sun zo, hatsi ya ƙare

A ƙasar noma, watannin Yuli da Agusta su ne mafi tsanani a shekara. Hatsin bara ya ƙare ko yana gab da ƙarewa, na bana kuwa yana gona bai nuna ba. A lokacin ne tiyar gero ke tsada a kasuwa, a lokacin ne kuma magidanci ke buƙatar ƙarfi domin noma da maimai. Gidaje da dama sukan rage girki, a haɗa da ganyen tafasa da zogala don abinci ya kai. Cikin wannan hali ne mota ke sauke mutum shida ko bakwai daga birni, waɗanda ba su saba kwana da fura kaɗai ba.

Mai gida ba zai taɓa faɗi ba. Kunya da mutunci sun hana. Za a ce musu maraba da mutanen Yamai, a tambaye su gajiya, su kuma su tambayi ruwa, a amsa musu da cewa ruwa ya yi gyara. Za a kama zakara a yanka, wataƙila ma ɗan akuyan da aka ajiye don wata lalura. Uwar gida za ta aika a ranto shinkafa da mai wajen mai tebur, don kada a ce jikoki sun zo sun rame. Baƙi su yi sati uku su tafi suna yabon karamci, su bar bashi a baya ba su sani ba.

Shi ya sa waɗanda suka san ƙauye ba su ɗaukar tsaraba a matsayin ado. Turmin atamfa na gwaggo, hula ta baffa, goro da sukari da shayi na tsofaffi, sabulu na matan gida, duk suna da kyau kuma ana jin daɗinsu. Amma buhun gero ko na masara ko na shinkafa da aka sauke a ƙofar gida ranar isowa ya fi su duka amfani, don shi ne zai sa zaman baƙi ya zama sauƙi maimakon ɗawainiya. Wasu sukan ƙara da biyan ƴan ƙwadago su yi wa tsoho maimai, wasu kuma su tura manyan ƴaƴansu gona tare da ƴan uwansu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa tana jiƙa shuka ne, ba ta karya ta.

Shi ma mai zuwa ba a kan tudun kuɗi yake zaune ba. Ma'aikatan da suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta da watannin da albashi ya yi ta maƙalewa ba, ga kuma karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, wadda ta raba ƙarfin kuɗin gida biyu a kan na Faransa cikin dare ɗaya. Mutane da yawa a lokacin sun shekara biyu ko uku ba su leƙa gida ba, saboda kunyar zuwa hannu sake. Wannan kunya tana nan har yau, kuma ta raba zumunta fiye da yadda faɗa ya raba. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya rage kwanaki da yawan ƴan rakiya, ya je da abin da ya sawwaƙa, da ya ƙi zuwa sam.

Abin da salula ba ta kaiwa

A da, wanda bai sami zuwa ba sai ya ba direba wasiƙa, ko ya ɗauki muryarsa a kaset ya aika, ko ya jira sanarwa a gidan rediyo. Yau salula ta shiga kusan kowane ƙauye, saƙon murya na WhatsApp na isa cikin ƙiftawar ido, kuɗi kuma kan tashi daga Yamai ta kamfanonin aika kuɗi su isa Tasawa kafin mai aikawa ya koma gida. Wannan ci gaba ne babba, kuma ya ceci gidaje da yawa a lokacin matsi. Amma ya kawo wata sabuwar hujja ta zama: tunda an aika, an kuma yi waya, me za a je yi?

Abin da za a je yi yana da yawa. Tsohuwa a waya kullum lafiya lau take; sai an zauna kusa da ita za a ga idon ya soma hazo, ko ƙafa ta kumbura. Rufin ɗakin da ke yoyo ba ya magana a waya. Gaisuwar mutuwar da aka yi rashi tun rani, sai an taka an zauna bisa tabarma an yi addu'a take cika. Iyakar gonar gado, wadda maƙwabci ke ci taƙi ɗaya kowace shekara, sai da damina ake ganinta sosai, lokacin da kowa ya shuka nasa. Rigingimun gona da yawa da ke ƙarewa gaban sarki ko alƙali sun samo asali ne daga magadan da suka daɗe ba su zo ba.

Sai kuma yara. Ɗan ma'aikacin da ya tashi a Yamai yana jin Faransanci da Zabarmanci, wani lokaci Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. A ƙauye ne kakarsa za ta kira shi mijinta ta yi masa tsiya, taubasansa su yi masa dariya don ya kasa riƙe hauya, ya koyi wane ne kawu wane ne baffa, da dalilin da ya sa Bafillace da Babarbare ba su haɗuwa ba su taɓa juna da wasa ba. Wannan wasan dangi na Nijar ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a shekarar 2014, amma ba a ofis ake gadonsa ba, a tsakar gida ne.

Haka abin yake ga abokai. Aikin gwamnati yakan watsa waɗanda suka zauna benci ɗaya: wannan mushe ne a Tanut, wancan malamin asibiti a Madarunfa, ɗayan kuma ya bi fatauci. Hutun damina ne kan haɗa su a fada ɗaya, a ɗora shayi, a ƙirga waɗanda suka rasu da waɗanda suka aurar da ƴaƴa. Ga ɗan kasuwa ma, yarda da ke sa a ba mutum kaya bashi ba da takarda ba, irin wannan zama ne ke ciyar da ita.

Iyaka, ruwa da sauro

Ga mutanen kudu, zumunta ba ta tsaya a ofishin duwan ba. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar kilomita kusan 90 ce, kuma sarautar Maraɗi kanta daga Katsina ta taso a farkon ƙarni na 19. Ƙwanni na kallon Illela, Damagaram na da hanyarta ta Matamai zuwa Daura da Kano. Da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, rufewar ta zo ne a tsakiyar hutu, kuma ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Iyalai da yawa sun ga biki da jana'iza sun wuce su a nisan da bai kai tafiyar yini ba. Tun wajen 2019 kuma, ɓarnar ƴan bindiga a yankunan bakin iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji ta koya wa matafiya su tambayi labarin hanya kafin su tashi, su kuma guji tafiyar dare.

Ruwan da manomi ke roƙo shi ne kuma ke yanke hanya. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta katse babbar hanya a mashigar Yamai, motoci suka yi cirko-cirko, kuma ɓarnar daminar ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Ƙoramar da ta bushe da safe tana iya cika da la'asar, direban da ya yi gardama da ita kuwa ba shi kaɗai yake biya ba. Damina ce kuma lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kai ƙololuwa. Gidan sauro cikin kayan yara ba raini ba ne ga masu masauki. Mai hankali ma yakan bar musu shi in zai koma.

Komowa

Wajen tsakiyar Satumba sai motoci su juya. Wanda ya yi haƙuri ya kai wannan lokaci zai ga gero ya soma nuna, yara su ci tumu a bakin gona, a ga fara'a ta komo fuskokin manoma. Za a cusa wa matafiya abin da aka samu: ɗanyen wake, kuɓewa, ƙullin kuka da daddawa, wataƙila da zabi biyu ɗaure da ƙafa. Ba a ƙin karɓa, don ƙi cin fuska ne. Tsoho zai rako su har bakin hanya, ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gai da mutanen gida, sai baɗi in da rai. A shekarunsa, wannan kalma ta ƙarshe ba al'adar baki ba ce kawai, kuma ɗan da ke hawa mota ya san haka.