Idan Siginar Babur Ta Daina Ƙyaftawa, Ina Matsalar Take?

Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Shagari da Tambuwal ya nufi Jega ba ya rabo da tireloli da motocin haya. A gefensu kuma 'yan kabu-kabu ne ke kai da kawowa, wasu su ratse cikin gari, wasu su ɗauki hanyar Kebbe da ƙauyukanta. Abin da ke sanar da direban baya cewa mai babur zai sha kwana shi ne ɗan ƙwan sigina. Sai dai babura da dama siginarsu ta daɗe da mutuwa, alhali gyaranta na cikin mafi sauƙi, muddin an bi shi daki-daki.

Wuta tana tasowa ne daga batir mai ƙarfin bolt 12, ta bi ta fiyus, ta shiga wata 'yar na'ura da masu wayarin ke kira filasha, sannan makunni ya tura ta hagu ko dama. Daga ƙwan kuma ta koma batir ta jikin ƙarfen babur. Filasha ce ke yanke wutar tana maido ta, kuma ƙa'idar duniya ita ce ƙyaftawa 60 zuwa 120 a minti ɗaya. A tsohon samfuri, wani siririn ƙarfe ne ke lanƙwashewa idan ya yi zafi ya yanke wutar, idan ya huce ya sake haɗa ta.

Yadda siginar ta lalace shi ke nuna inda cutar take. Idan ƙwai ɗaya ne ya ƙi kamawa, a ciro shi a saka na ɗaya gefen. In ya kama, ƙwan ne ya ƙone. In bai kama ba, a duba mazauninsa, domin ƙurar hunturu da ruwan damina suna haifar da tsatsa a wurin, girgizar hanya marar kwalta kuma tana kwance waya. Sau da yawa kankare tsatsar da ɗaure wayar sun wadatar.

Idan gefe guda ne ya mutu gaba da baya, a tuhumi makunni ko wayar gefen. Idan kuwa duka huɗun ne, a fara da fiyus, sannan batir: a danna oda, in muryarta ta shaƙe, batirin ya yi sanyi. Sai an wanke waɗannan biyun ake zargin filasha. Siginar da ke kamawa ta tsaya cak ba ƙyaftawa, ko take ƙyaftawa da gaggawa, tana nufin filashar ba ta samun nauyin wutar da aka ƙera ta dominsa. Galibi ƙwai ɗaya ne ya ƙone, ko an saka wanda bai dace ba, domin na babur yawanci wat 10 ne, na mota 21. Ƙwan LED ma yana jawo haka saboda ƙarancin wutar da yake ci, don haka sai an haɗa shi da filashar da ta dace da shi.

Babban kuskure shi ne maye gurbin fiyus da zaren waya. Fiyus ɗin da ke yawan ƙonewa shaida ce cewa wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Wanda ya ɗaure shi da waya ya cire mai gadi ne, kuma wayarin babur ɗin gaba ɗaya na iya narkewa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba za ta iya tsayuwa a kowace mararraba tana duba siginar babura ba. Shugabannin tashoshin kabu-kabu na Tambuwal da Kebbe su ne mafi kusa da wannan aiki. Su mayar da gwajin sigina, hagu da dama, sharaɗin shiga layi kowace safiya, kafin a ɗauki fasinjan farko.